Ƙidaya Ta Ɓace Mini, Hankalina Yana Nan

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Yahuza ɗan Tala, mutumin Gangara, nake faɗa, ɗana Ridwanu malamin lakol, wato makarantar boko, yana rubutawa, liman yana zaune yana ji. Da hankalina garau nake magana, wanda ya ce ba haka ba ya ji tsoron Allah. Lambobin da ke gefen maganganun nan Ridwanu ne ya sa su. Ni yanzu ban iya ba, ban kuwa ji kunyar faɗa ba.

1. Ku san ciwona da kyau, don an yi ta yawo da shi a gari. Tun da hawan jini ya kayar da ni a gona, sunayen lambobi suka gudu daga bakina. In na fara ƙirga, daga huɗu sai hanya ta ɓace. Likitan da ya ɗauki hoton kaina a Maraɗi ya ce wurin kiran lamba da suna yana kusa da wurin magana, a hagu, kuma nan jini ya taɓa. Sanin yawa da kaɗan kuwa wurinsa dabam, ko jariri yana da shi. Ya yi ta nuna mini takardu biyu masu ɗigo-ɗigo, ina nuna wadda ta fi yawa kafin ya ɗauke hannu. Sai in sun yi kusan daidai nake kuskure, ya ce shi ma haka yake yi. Takardarsa tana cikin akwatina.

2. Gonar gabas ta 'yata Hasiya ce. Ba gado ba ce, kyauta na yi mata da raina bayan rasuwar mijinta, a gaban liman, ta karɓa ta noma. Da ita take ciyar da marayunta. Ba a sa ta cikin rabo.

Hashimu, kai ne babban ɗana, kai kuma ka ce kyautar ba ta yi ba don wai kaina ya taɓu. Ka kai ni gaban mai gari, ka zuba gyaɗa a tabarma ka ce in ƙirga. Na tsaya a huɗu, mutane suka sunkuyar da kai, wasu suka yi dariya. Ranar na ji zafin da ciwon kansa bai sa ni ba. Amma me ka gwada? Da ka tambaye ni iyakar gonar, da na kai ka har gindin gawon da kakanka ya bari. Da ka tambaye ni dalilin kyautar, da na nuna maka yaran ƙanwarka. Gyaɗa ka zaɓa don ka san nan ne raunina.

3. Zakkar hatsi kada a yi wasa da ita. Bana ma ni na fitar da tawa. Ridwanu ya ƙirga mini ƙwallon goruba goma sau ɗaya, na zuba a aljihu. Duk damin da aka ajiye in jefa ƙwallo guda, in aljihu ya ƙare dami na ƙarshe na Allah ne. Liman ya bi bayana ya ƙirga, bai samu kuskure ba. Mahaukaci ba ya yin wannan dabara.

4. Sauran gonaki, rumbuna da awaki a raba yadda shari'a ta ce, malamai sun fi ni sani. Akuyar nan ja ba tawa ba ce, ta Binta maƙwabciyarmu ce, kiwo aka ba ni. A mayar mata da 'ya'yanta duka.

5. Fauziyya, autata, ki daina gaba da yayanki Hashimu saboda ni. Faɗana ne, na kuwa yi shi da bakina. Ki gaishe shi kamar da.

6. Hashimu, na yafe maka gyaɗar, duniya da lahira. Gonar ce ban yafe ba in ka taɓa ta. In ka sake tayar da maganar bayan an rufe ni, wannan takarda za ta tsaya maka a gaban mai gari, ni kuma in tsaya maka a gaban Allah.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya ba ku damina mai kyau, ya raba ku da ciwo irin nawa. Ku riƙe juna, kada gidan nan ya watse saboda ƙasa.

In aka tambaye ni yau 'ya'yana nawa, ba zan iya faɗa ba. Amma duk Juma'a in kun taru cin tuwo, kallo ɗaya nake yi in ga ba ku cika ba. Tun ranar mai gari Hasiya ba ta sake taka gidan nan ba, don kada a ce ta zo juya tsoho. Hashimu, ba aike za ka yi ba. Ka tafi da ƙafarka ka zo mini da ita kafin Juma'ar nan, ina so in gan ku a cike tun idona yana gani.