Ba Wanda Ya Taya Mashin ɗinka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba mai allurar shanu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta kamaci uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, kabarinka da haske da yalwa. Ni ce Hadiza ta Anka, wadda kake cewa bakinta ya riga haƙoranta fitowa. Na san ba a kai wa mamaci ƙara. Amma abin da ya faru a zaurenka na Bukkuyum bayan tafiyarka ya tsaya mini a wuya, kuma in ban faɗa maka ba, ban san wanda zan faɗa wa ba. Masu leƙen wannan takarda su yi haƙuri, maganar gida ce.

A kan mashin ɗinka ne, Baba.

Shekarar da aka haife ni ka saye shi, mai jan tanki, kana ɗaure akwatin allura a bayansa da igiyar roba. Ba rugar da bai shiga ba tsakanin Bukkuyum da Gummi. Ina tuna Arɗo yana yi maka ba'a, wai tun daga hayi suke jin tarinsa, su fara tara shanu kafin ka iso. Shekara shida na ƙarshen rayuwarka kuwa a jingine yake a zaure, inji ya buga, ƙafafu sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Da bakinka kake cewa, "Ni da shi dut mun yi ritaya, sai dai shi ba a ba shi hwansho."

Da Inna ta fita takaba, aka zauna rabon gado. Malam Usmanu limamin unguwa ne ya raba, kuma ya bi hanyar da aka saba: kowane abu a kira wanda ya san shi ya yi masa kuɗi. Gonaki aka kira dattawan da suka san ƙasa. Shanu aka kira dillali daga kara. Gida aka kira magina. Da aka zo kan mashin sai wani ya yi 'yar dariya. A nan ne Yaya Sani, babban ɗanka, ya zaro wayarsa daga aljihu.

Hotuna ya nuna. Mashina irin naka, tanki iri ɗaya, fitila iri ɗaya, an wanke su an goge, an tsayar da su a kan ciyawa a manyan birane, a ƙasan kowanne an rubuta miliyoyi. Wai kayan tarihi. Ya ce, "Malan, wanga ba mashin ba na, zinari na. Masu kuɗɗi na birni nema sukai ido rufe."

Ka san Malam Usmanu. Ya haura tamanin, bai taɓa cin na wani ba, bai kuma taɓa riƙe irin wannan waya ba. Ya ce magana ba ta tsayuwa sai da shaida biyu. Yaya ya shafa waya, ya nuna masa talla ta biyu. Shi ke nan, Malam ya rubuta. Kuɗin da aka yi wa mashin ɗinka ya zo daidai da tumunin Inna, rabonta na matar mamaci, kamar an auna da mudu.

Ba sai na tuna maka garkar bakin gulbi ba. Daga ita Inna ke samun albasa da tattasai, ta ba mai noman rani ya noma su raba. Da ita take sayen sabulu da maganin hawan jini, da ita take kai gudummawar biki da suna ba tare da ta buɗe baki ta roƙi kowa ba. Ba wanda ya taɓa tunanin garkar nan za ta faɗa hannun wani ba Inna ba. Sai Yaya ya sassauta murya, ya juya wajen ƙofar da take zaune a baya, ya ce, "Inna, ke kinka hi kowa cancanta da abin da Baba yah hi so." Sai muka ji ta ce, "Ku ba ni shi."

Garka ta faɗa rabon Yaya.

Ina zaune a cikin mata na ji komai, kuma na yi shiru. Ni, mai bakin nan. Kunya ta kama ni, na ce a raina mace ba ta tsoma baki a taron maza, na koma Anka da zuciyata tana tafasa. Har yau wannan shirun ya fi ba ni haushi a kan duk abin da Yaya ya yi.

Da na koma gida, in na taso daga makarantar da nake koyarwa, ba ni da aiki sai bin tallace-tallacen nan. Baba, da ka gani da ka yi dariya har ka riƙe ciki. In ka duba ranar da aka sa tallar, mashin ɗaya sai ya shekara a waya, ya shiga ta biyu, hotonsa bai canja ba, kuɗinsa bai canja ba, mai saye bai zo ba. Kowanne da tatsuniyarsa. Wannan na wani tsohon hakimi ne, wancan Bature ne ya bari da zai koma gida, kuma dukansu wai ba a taɓa buɗe injinsu ba. Wane mashin ne ya shekara talatin a hanyoyin ƙasar nan ba a buɗe masa ciki ba? Naka ma sau biyu baduku ya sake ɗinke masa sirdi, salansarsa duk tabon walda, kabiretarsa daga jikin wani aka ciro. Na kira ɗaya daga cikin masu tallar don in ji. Ban gama cewa "nawa gaskiya" ba ya zubar da sulusin kuɗin, ya kuma ce in faɗi abin da nake da shi. Fenti suke sayarwa da labari. In 'ya'yan masu kuɗi na son abin da za su jingina da shi su ɗauki hoton biki, su je can su cuci juna, ba ruwana. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ƙaryarsu ta yi tafiya har Bukkuyum, ta shiga zaurenka, ta raba tsohuwa da garkarta.

Ina da shekara tara ka tafi da ni kara, ka zaunar da ni a kan tankin nan. Wani ya faɗi kuɗin sansa, na zaro ido, ka yi dariya ka ce, "Hadiza, wancan bakinai na ɗai. Kuɗɗin sa, abin da anka taya na, mai shi yac ce ya sallama." Yarinyar da ke tallar gyaɗa ta san wannan. To yaya aka yi zaure cike da masu gemu suka manta, don kawai an rubuta lambar a jikin waya?

Wata biyu bayan rabon na je gaishe da Inna, na tarar tana raba ƙwayar maganinta biyu da wuƙa don ya kai ta ƙarshen wata. Ta ɓoye da ta gan ni. Matar da ba ta taɓa roƙo ba, yanzu sai ta aika gidan ɗanta a kan sabulu, a ce mata a dawo gobe. Ranar kunyata ta ƙare.

Na ce mata ta ara mini mashin na kwana ɗaya, zan kai wa bakanike ya duba. Rabin gaskiya na faɗa mata, Allah Ya yafe mini. Maigidana ya samo a-kori-kura, na roƙi Malam Usmanu ya ba ni mutum biyu da ya yarda da su, ya haɗa ni da ladan da wani dattijo. Ranar kasuwar Gummi muka bi hanyar nan, yadda ta zama yanzu, kowa na addu'a a ransa, da mataccen mashin a ɗaure a baya.

Muka sauke shi a layin masu sayar da mashina, a tsakiyar sababbi masu ƙyalli, maza suna kallona kamar na ɓata hanya. Ɗanjuma bakanike, wanda ya shekara ashirin yana gyara maka shi, tun daga nesa ya gane shi. Ya zo ya dafa tankin, idonsa ya cika, ya ce Allah jiƙan Malan. Na ce masa ya faɗi gaskiya a gaban shaidu. Ya ce, "Ɗiyata, ko hulogin ga ni nis sa shi. Kayan gyaranai sun ɓace kassuwa tun ba yau ba, inji ya buga. In ba ƙarya kika son ji ba, ƙarhe na."

Daga hantsi har la'asar muna tsaye. 'Yan kallo ba iyaka. Wasu suka ɗauki hoto, wani ɗan kabu-kabu ya ce kakansa ya yi irinsa. Na nuna musu kuɗin da ke cikin waya, dillalai suka yi ta dariya suna kiran juna su zo su gani. Mutum ɗaya tak ya taya, shi ma ɗan gwangwan ne. Ya ɗaga bayan mashin ya ji nauyinsa, ya ce dubu arba'in. Na ce ya biyo mu Bukkuyum ya maimaita a gaban Malam, ya ce ba damuwa.

Washegari aka sake cika zaure. Shaidu suka faɗi abin da suka gani. Yaya ya ce mutanen Gummi ba su san darajar abu ba, masu sayen gaske suna birni. A nan na yi abin da ƙanwa ba ta yi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, tunda kai ka san darajatai, taya. Ɗauke shi ga kuɗɗin da kah hwaɗi, ka ba Inna garka, ka kai shi birni ka ci ribar kai ɗai."

Ya dubi wayarsa. Ya dubi tabarma. Ɗanka, wanda ya cika zaure da maganar zinariya, ko naira ɗaya bai taya ba.

Malam Usmanu ya daɗe kansa a sunkuye yana istigfari. Sannan ya ce, "Kuskure nawa na. Na karɓi shaidar wanda ban gani ba, ban san ubanai ba." Ya soke rabon farko, ya sake sabo. Garka ta koma hannun Inna, mashin ya koma cikin kayan gado a kuɗin da aka taya shi.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Ina tsaye ina jin kaina, sai ɗan gwangwan ɗin, da yake ya ɗauka ciniki ya faɗa, ya kama kan mashin ya fara ja. Yana ja yana cewa sai an sare shi gida biyu kafin ya shiga kurarsa. Sai muka ji murya daga bayan ƙofa, da ƙarfin da ban taɓa jin Inna ta yi magana da shi ba a rayuwata.

"Albarka."

Mutumin ya saki.

Da aka watse na shiga ɗakinta, ina jiran ta sa mini albarka. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ke kina tsammanin ban san bai kai kuɗɗin tunkiya ba? Shekara talatin nike sharar ƙasa ƙarƙashinai. Na san in ban ɗauke shi ba, irin wanga mutum za ku kira mai. Ga shi kuwa ke kinka kawo shi har zaure."

 Wata biyu ina bincike a waya, na je har Gummi da shaidu, na tambayi bakanike, na tambayi dillalai, na tambayi ɗan gwangwan. Matar da ta bayar da garkarta saboda shi ce kaɗai ban tambaya ba. Na ɗauka an yaudare ta ne, ashe da idonta a buɗe ta biya.

Na koma wajen Malam na ce a sa mashin a cikin rabona, a dubu arba'in ɗin. Ba wanda ya ja da ni. Yana nan a inda ka jingine shi, kaji sun koma ƙarƙashinsa. Kowace safiya Inna na goge masa tanki da tsumma, sannan ta sha maganinta, ƙwaya guda cikakkiya. An shuka albasa a garka.

Yaya bai amsa gaisuwata ba tun ranar. Na aika masa da goro da sallah, aka dawo mini da shi. Ban yi nadamar abin da na faɗa masa ba, kuma in aka sake zan sake. Har yanzu in na ga irin tallar nan a waya, da miliyoyinta da tatsuniyarta, raina ɓaci yake yi. Amma ɗanka ne, kuma a kan mashin nan ɗaya ka ɗauke mu ni da shi, shi a baya ya riƙe rigarka, ni a gaba. Wannan ma ba na mantawa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa duk tafiyar da ka yi a kan mashin nan don neman halak ɗinmu ta zame maka nauyi a mizani. Allah Ya ba Inna lafiya da tsawon rai, Ya sanyaya zuciyar Yaya, Ya sanyaya tawa. In lokacinmu ya yi, Allah Ya sada mu da kai a inda ba rabon gado.

Ka huta lafiya. Mashin ɗinka ba na sayarwa ba ne.

Ɗiyarka mai baki,
Hadiza,
Anka.