Baƙin Tuwo a Wurin Ciyayya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Ciwon suga. Ni! Mutumin da cokali uku kacal yake zuba wa shayi.

Sista Esta ta asibiti ta tambayi cimata. Na ce shinkafa da rana, tuwonta da yamma, ɗumamensa da safe, sai lemon kwalba in zafin Haɗeja ya matsa. Ta ce farar shinkafa nan da nan take zama suga a jini, jiki ya yi ta turo insulin don ya kwashe, har ya daina ji, kamar kunnen da ya saba da faɗa. Wai kakanninmu gero da dawa suka ci, kuma da ƙafa suke zuwa fadama. Na ce kakannina ba su da babur. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ban sauya ba, ido da ƙafa ne za su ji a jikinsu. Na tsorata.

Talata, 6 ga Mayu
Matsalar ita ce ciyayya. Mu huɗu muke haɗa kwanuka a ƙofar gidana bayan magariba, shekara goma sha. Ni ne babban manomin shinkafar layin nan. Yau Saude, matata, ta aiko da tuwon dawa miyar kuka, ba ko shawara. Da na buɗe kwano kowa ya leƙa ciki, ya kalle ni. Na ce marmari ne.

Juma'a, 9 ga Mayu
Marmari kwana huɗu. Inuwa maƙwabcina ya ja ni gefe: "Alhaji, kowa yana shiga wani hali, Allah zai kawo mafita." Ashe sun ɗauka karayar arziki na yi!

Lahadi, 11 ga Mayu
An aiko da rabin buhun shinkafa gidana, wai kar a faɗi mai bayarwa. Na duba buhun. Ta gonata ce. Saude ta yi dariya har da riƙe ciki.

Laraba, 14 ga Mayu
Munzali tela ya turo min kwanon taliya da lemo mai sanyi: "Ci, Alhaji, ba kunya tsakaninmu." In na ƙi, girman kai, in na ci, ƙafa. Na ci. Na ƙara.

Alhamis, 15 ga Mayu
Yatsun ƙafata kamar ba nawa ba. A asibiti Sista Esta ta kalli na'urar gwajin suga, ta kalle ni. Saude ta ce, "Alhaji, kunyar ƙofar gida ce za ta kai ka ga sanda?"

Da yamma na faɗa wa abokan ciyayya gaskiya, kaina a ƙasa. Sai Inuwa ya cire hula ya zaro ƙwayoyin magani daga ciki, irin nawa sak. Shekara biyu yana ɓoyewa, yana cin shinkafata don kar in ji haushi. Munzali ya ce, "Ni fitsarin nan da yake damuna fa?" Muka ce gobe asibiti.

Ba wanda ya amsa shi ya aiko buhun.

Alhamis, 29 ga Mayu
Kwano huɗu, uku baƙin tuwo, ɗaya wake da zogale. Ba daɗi. Na dai suɗe hannu, don kar a yi almubazzaranci.

Da safe da ƙafa na je fadama. Na ce wa Saude babur ne ya ƙi tashi. Ban ma gwada shi ba.