Yayana Ya Ɗauke Maganin Da Ke Sa Babanmu Barci

Assalamu alaikum Gwaggo Ikilima. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri in na yi ta zuba babu tsari. Kwanakin nan ko a aji nake tsaye sai in manta abin da nake rubutawa a allo.

Ni malamar firamare ce a Mabera, a nan Sakkwato. Damuwar ta mahaifinmu ce. Mahauci ne, ya fi shekara arba'in yana gashin nama a bakin tukuba, kuma bai taɓa sa taba a bakinshi ba. Bara bayan babbar salla ya fara tari, muka ce mura ce. Aka ɗora shi kan maganin tarin fuka wata shida, babu sauƙi sai rama. Da aka ɗauki hoton ƙirji aka yi gwaje-gwaje, likita ya kira ni da yayana Jinaidu ya ce kansar huhu ce, kuma ta riga ta kai ƙashin bayanshi. An gwada maganin kansar sau biyu jikinshi bai ɗauka ba, aka tsayar.

Daga nan aka tura mu wani ɗan ofis a ƙarshen barandar asibitin, wajen wata nas, Sista Wasila. Ta ce aikinsu shi ne rage wa majinyaci raɗaɗi da wahalar numfashi idan cuta ta wuce warkewa. Likitansu ya rubuta, aka ba mu kwalbar maganin ruwa mai suna mofin, aka nuna mana awo da lokutan sha. Ko bakin ƙofar asibiti ba mu kai ba Yaya Jinaidu ya ce Baba ba zai sha ba. Wai ƙwaya ce, wai waɗanda aka fid da rai da su ake ba don su tafi da wuri. Ya kuma ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa Baba sunan cutar. Ni dai na jefa kwalbar cikin jakata.

Gwaggo, sati uku Baba bai iya kwanciya. A zaune yake wuni, ya jingina da bango, ya riƙe ƙarfen taga yana jan numfashi. Mutumin da wuƙa ta taɓa tsarge mishi babban yatsa ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa sallamar masu sayen nama. Wata Alhamis na taso makaranta na biya, na tarar ya cusa matashi a baki yana cizo don kada Innarmu ta ji nishinshi. Na fita zaure na kira Sista Wasila, ta sake faɗa mini awon, na ba shi. Ya yi barci har magariba. Da ya farka fura ya nema, ya yi salla a zaune, har ya tsokani Inna wai ta tsufa ta bar shi.

Kwana tara muna haka ni da Inna a ɓoye, in ba shi da safe kafin in wuce aiki, ita ta ba shi sauran. Sai Yaya ya ga kwalbar bayan kwanonin Inna. Ya ce ina bugar da ubanmu, ya sa ta aljihu ya fita. Yau kwana huɗu ke nan, Baba ya koma riƙon taga. Yanzu kuma Yaya na shirin kai shi wajen wani mai magani a ƙauye, tafiyar awa uku kan hanya mai gargada, mutumin da sai ya huta sau biyu kafin ya kai bayi.

Kada ki ɗauka Yaya mugu ne. Ya bar harkar shanunshi a kasuwar kara, shi ke yi wa Baba wanka da aski. Kuma amininshi na ƙuruciya kodin ne ya lalata shi, a gabanshi aka ɗaure shi da mari. Ni kaina wani lokaci sai zuciyata ta ce anya ba shi ke da gaskiya ba?

Jiya Baba ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗiyata, mi likita ya faɗa maku wanda ba ku faɗa mini ba?” Na ce sanyi ne ya kama ƙirjinshi. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juyar da fuska bango. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Na yi tunanin in koma in karɓo wata kwalbar, to asibitin nan kaɗai na san ana samun maganin, kuma Sista ta ce wani lokaci yakan yanke. In ma akwai, in ce masu ina ta farko take? Na yi zunubi ne da na ba shi? Da gaske yana rage kwana? In gaya wa Baba gaskiya ko in bi maganar Yaya? Don Allah kada ki jinkirta amsa.

Daga Ɗiyar Mahauci, Mabera.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na tsallake wasiƙun da ke gaban taki saboda Baba ba shi da lokacin jira. Ni ba likita ba ce, don haka sai da na zauna da wata ƙawata da ta daɗe tana jinyar masu irin wannan cuta kafin na ɗauki biro.

Ba ki yi zunubi ba. Likita ya rubuta, kin bi awon da aka ba ki. Mofin da ake sha bisa ƙa'ida ba ya rage kwana, yana rage ciwo da sarƙewar numfashi ne, kuma mai fama da azabar kansa ba ɗaya yake da mai shan kodin don maye ba. Kulawar rage raɗaɗi kuma ba sallama ba ce. Jinya ce cikakkiya, ga shi da idonki kin ga ta mayar wa Baba barcinsa da sallarsa.

Inda kika yi kuskure shi ne ɓoyon. Jinaidu tsoro ne ke cinsa, kuma abin da ya gani a kan amininsa dalili ne mai ƙarfi. Wanda ke yi wa ubansa wanka da hannunsa bai cancanci ya tsinci magana a bayan kwanoni ba. Ki ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai. Shi ma ya yi kuskure babba, domin ba a yanke irin wannan magani farat ɗaya, kuma jikin da ke ciwon ba nasa ba ne.

Yau ɗin nan ki kira Sista Wasila ki faɗa mata duk yadda aka yi, har da kwana huɗun, don ta san awon da za a koma kai. Kada ki ji kunya, ba a kanku suka fara ganin haka ba. Ki roƙa a ba ku lokaci da likita, Jinaidu ya je da kwalbar ya yi tambayoyinsa da bakinsa. In ba zai ji taki ba, ku sa wani ɗan'uwan Baba ko limamin da yake ganin girmansa. Ki ba Jinaidu shawarar shi ya riƙe makullin inda ake ajiye maganin, ya riƙa bayarwa kan lokaci. Tafiyar ƙauye kuwa, Baba ba zai iya ba. Addu'a tana isowa har ɗaki, duk wani jiƙo kuma a nuna wa likita tukun.

Ki tambaya ko ɗayanku zai iya karɓo magani ba sai an ɗauko Baba ba, ko akwai masu zuwa gida duba majinyaci, da kuma inda za ku nufa in ya yanke. Kada ku jira kwalba ta ƙare kafin ku koma. Maganin yakan ɗaure ciki, ku nemi na sassautawa tun wuri. Ku tada Baba da matasai, ku bar fanka ko mafici na kaɗa masa fuska a hankali. Gaskiya irin waɗannan ofisoshi sun yi mana kaɗan. In hankalinki ya dawo, ke mai ilimi ce, ki haɗa kai da iyalan da kuke haɗuwa a barandar nan ku rubuta wa hukumomin lafiya a kusanto da wannan kulawa asibitocin unguwa.

Saura tambayar Baba. A ganina ya riga ya sani, abin da yake nema shi ne wanda zai daina yi masa kwana-kwana. Ba sai kin jefa masa sunan cuta ba. Ku zauna ke da Jinaidu da Inna ku tambaye shi me yake son ya sani, ku amsa daidai abin da ya tambaya. Dattijo ne, wataƙila yana da wasiyya, ko wanda yake son ya yafe wa, ko wanda yake son gani. Kada ku hana shi wannan da sunan tausayi.

Ke ma ki ci abinci, ki nemi hutun 'yan kwanaki a makaranta. Allah Ya sassauta wa Baba, Ya haɗa kanku ke da yayanki a bakin shimfiɗarsa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi.

Gwaggonki, Ikilima.