Mai Jan Akwati a Talabijin

Hammadu Kafi, Gombe

Zuwa ga ƙanena Abdurra'uf,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kano. 'Yata Rahinatu ce ke rubutawa, ni nake faɗa, don in na kira ka a waya kuka zai hana ni magana.

Na ga Abba Gana. A talabijin na gan shi, cikin wasan nan na masu safarar hodar iblis zuwa ƙasashen waje, wanda duk unguwa ke taruwa a kansa yammacin Asabar. Shi ne yaron da uban gidan ke ba akwati ya kai filin jirgi. Yana jan ƙafar hagu, yana sosa ƙeya kafin ya yi magana, kamar yadda ya saba tun yana gida. Shekara goma ke nan da ya ɓace mana ranar da muka gudo daga Bama, amma ai ni na haife shi.

Rahinatu ta ce ba shi ba ne, wai hancin wannan ya fi tsawo. Ita da take da shekara shida a lokacin, yau ita ce masaniyar hanci. An ce a Kano ake shirya wasan. Kai ne kawunsa, ka je ka nemo min shi.

Yayarka, Ya Bawa

*

Kano

Ya Bawa,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso ta hannun direba, na kuma nemi wasan na kalla har sau uku. Da farko na ce ba shi ba ne. A na biyu na ga kama. A na uku na rasa abin da na gani, domin na tarar ni kaina fuskarsa ta soma ɓace min, kuma na ji kunyar haka ƙwarai.

Ki sani wasan kwaikwayo ne, Yaya. Hodar ma ana cewa garin rogo ne. Zan bincika, amma kada ki sa rai da yawa.

Ƙanenki, Abdurra'uf

*

Hammadu Kafi, Gombe

Abdurra'uf,

Ina gaisuwa. Na san wasa ne, ba yau aka haife ni ba. Amma in wasa ne, me ya sa da aka mare shi kumatunsa ya kumbura?

Zance ya zaga unguwa, kuma kowa da tasa. Wasu matan sun zo min barka. Wasu sun daina turo 'ya'yansu sayen ƙosaina, wai uwar ɗan ƙwaya. Wani dattijo ya ce a hana wasan gaba ɗaya don yana koya wa matasa hanya, alhali shi ke fara kafa kujera a gaba. Maman Lois, maƙwabciyata, ta ce gara ɗa ɓatacce da ɗa mai jan wannan akwati. Na ce mata ita ba ta taɓa zuba tuwo ta ajiye wa wanda ba zai zo ba.

Ni kaina ya kulle. Ban san ko in roƙi Allah ya zama shi ne, ko kada ya zama shi ba. In ka same shi, ka ce ban yi fushi ba. Ya ajiye musu akwatinsu ya dawo.

Ya Bawa

*

Kano

Ya Bawa,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na same shi, mun zauna, har shayi ya saya min. Sunansa Bilyaminu, ɗan Zariya ne, iyayensa na raye. Ƙafarsa lafiya lau, mai shirya wasan ne ya ce ya riƙa ɗingishi. Da na ba shi labarinki sai ya sosa ƙeya kafin ya yi magana. Wallahi sai da gabana ya faɗi, amma ba namu ba ne.

Ya roƙe ni in gaya miki kada ki kalli na Asabar mai zuwa, domin a cikinsa za a harbe shi a bakin iyaka. Rahinatu, ke da ke karantawa, ki kai ta Kwadon wajen gwaggonku ranar.

Allah ya ba mu haƙuri.

Abdurra'uf

*

Hammadu Kafi, Gombe

Abdurra'uf,

Mun gode, Allah ya saka. Ban je Kwadon ba, na kalla. Na ga ya faɗi, na ga an lulluɓe shi da zane, an ɗauke shi da mutunci.

Na san ba shi ba ne, ka faɗa kuma na yarda. Amma da gari ya waye sai ga mata sun cika tsakar gida da tabarmi, har da Maman Lois da tulun kunu, sun zo ta'aziyya. Rahinatu ta miƙe da takardarka za ta karanta musu, na riƙe mata hannu. Shekara goma babu wanda ya taɓa ce min Allah ya jiƙan Abba Gana, don babu wanda ya ga gawa. Suka faɗa, na ce amin.

Ka gaida Bilyaminu, ka ce Allah ya raya shi. Jibi sadakar uku, ka zo.

Yayarka, Ya Bawa