Sabuwar Zuciyar Baba Ta Zauna

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki cikin ladabi. Yaya ciwon gwiwar nan? Yaya su Kawu da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Gwaggo, albishirinki! Sakamakon gwajin jinin Baba ya fito. Tun da aka dasa masa zuciya, abin da muke tsoro shi ne sojojin da jini ke haɗawa, waɗanda kan kai wa sabuwar zuciya hari don sun ɗauke ta baƙuwa. A gwajin baya an ga sun fara tasowa, har Umma ta kasa cin abinci. Yanzu likita ta ce sun lafa, zuciyar kuma tana bugawa daidai. Ranar Juma'a da ƙafarsa ya taka zuwa masallacin unguwarmu ta Abu Hail.

Jiƙon da kika ba ɗan kasuwar nan ya kawo ya iso, mun gode. Sai dai ina jin nauyin faɗa miki, Baba bai sha ba. Kin ce yana ƙarfafa garkuwar jiki, shi kuwa magungunansa kwantar da ita suke yi. Baba ya yi ta dariya, ya ce, "Rabi, ki gaya wa Yaya da ƙyar aka lallashi sojojin nan suka ajiye makamai, kada ta aiko musu da harsashi."

Don Allah kada ki ji haushi. Ki ci gaba da yi masa addu'a, ki haɗa da bawan Allahn da zuciyarsa ke ƙirjin Baba. Umma tana gaishe ki, a gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Rabi