Jan Fenti a Bangon Ɗakin Iya

Kazaure,
Litinin, 16 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga Yaya Bunu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yaya Asma'u da yara. Allah ya tsare mana kai a wannan aiki na bakin teku, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan da sauƙi. 'Yata Rahamatu ta fara tafiya, maigidana Malam Lauwali kuma yana nan yana ɗinkinsa. Ni ce Kellu nake rubutu da hannuna, ka yi haƙuri da karkacewar layin, a kan faifai na ɗora takardar.

Yaya, na daɗe ina ɓoye maka wata magana don kada in ɗaga maka hankali, amma yanzu ta fi ƙarfina. Kwana kaɗan bayan Babbar Sallah wasu mutane suka zo unguwarmu a mota, da wata na'ura mai ƙafa uku da suke leƙawa. Suka yini suna awo, suna kafa turaku tun daga bakin marina har maƙerar Halliru. Da aka tambaye su, suka ce hanyar jirgin ƙasa za a shimfiɗo daga Kano ta bi ta nan, kuma a unguwarmu za a gina tasha, da rumfunan kasuwa da gidajen ma'aikata. Duk gidan da tashar za ta ci suka shafa masa jan fenti. Namu, a bangon ɗakin Iya suka shafa. Da farko har murna aka yi, samari suna ta cewa gari zai buɗe.

Bayan mako biyu mai unguwa ya tara magidanta ya ce kowa ya tashi kafin damina, an ba mu fili a bayan dutse ta hanyar Roni, kuma wanda katafila ta tarar da kayansa kada ya zo masa da kuka. Ka san Malam da tsoron hukuma. Ya ce ba zai bari a rushe azarar Baba ba, wadda ba a samun irinta yanzu. Ya yaye rufin ɗakuna uku da zaure, ya cire ƙyamare, aka kwashe su a jakuna zuwa sabon wuri. Ɗakin Iya kaɗai aka bari da rufi.

Wurin nan, Yaya, fa ne zalla, dutse a shimfiɗe. An haƙa rijiya gaba shida ba a ga ko danshi ba. Ruwan kwaɓa ƙasa sai an ɗebo daga gari, tubalin da muka yi kuwa rabinsa ya tsattsage. Har yau ginin bai wuce ƙirjina ba, a bukkokin zana muke zaune. Masu awon kuma wata biyar ke nan ba wanda ya sake ganinsu, turakunsu ma awaki ake ɗaurewa a jiki. Sau biyu Malam yana zuwa Kano neman bayani. Wani ya ce masa mai riƙe da takardun an yi masa canjin wurin aiki. Wani ya ce an karkata hanyar gabas, ba za ta taɓa mu ba. Wani kuma ya ce katafila na iya zuwa ko gobe.

Duk wannan da na jure, in ba don Iya ba. Ka san tun da idonta ya tafi, ƙafarta ce ke gane mata gidan nan. Daga ɗakinta zuwa madafa, zuwa rijiya, zuwa gindin lemo, ba ta neman sanda, ba ta neman hannun kowa. Da muka kai ta bayan dutse sai ta zama kamar baƙuwa. Ba ta san inda gabas take ba sai ta tambaya, ita da ta koya mana salla. Ta rage cin abinci, ta daina hira. Wata rana ta ce mini ba makantar ba ce ta dame ta, tambayar hanyar banɗaki a bakin suruki ce.

Ran Alhamis da safe na tafi ɗiban ruwa, Malam yana kasuwa. Ashe ta ɗauki sanda ta fita, ta kama hanyar tsohon gida ita kaɗai, tana bin ƙarar gudumar Halliru, don shi ya ƙi tashi. Ta kusa isa, sai ta faɗa ramin da muke haƙar ƙasar gini. Ramin sabo ne, ba ta san da shi ba. Halliru ne ya ji nishinta, ya tsamo ta, ya goya ta har ɗakinta na tsohon gida. Ƙashin ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce kada a motsa ta har kwana arba'in, ya ja ni gefe ya ce a shekarunta sai addu'a. Ita kuma ta rantse ba za a sake fitar da ita daga ɗakin nan ba sai a makara.

Yanzu ga inda muke. An yi ruwan farko a Babura shekaranjiya, kullum la'asar hadari na haɗuwa. Ɗakunan da aka yaye suna haɗe da bangon Iya, in ruwa ya jiƙa su za su zube, su ja nata. Azarar nan kuwa ta gida ɗaya ce. In muka mayar da ita, katafila na iya zuwa ta same mu. In muka bar ta can, bango na iya faɗo wa Iya. Malam ya ce shi ya yi kuskure sau ɗaya, ba zai ƙara taɓa ko itace guda ba sai da izininka, tunda gidan mahaifinka ne kuma kai ne babba. Na yi kuka, na roƙe shi, ya ƙi. Ni dai so nake a mayar, ko me zai faru ya faru.

Don Allah, don darajar iyaye, Yaya, ka nemi izini wajen aiki ka zo. In ba za su bar ka ba, ka bugo waya ta gidan waya, ko kalma biyu ce, ka ce a mayar. Kada ka tsaya rubuta takarda, ruwa zai riga ta.

Malam yana gaishe ka, kunya ce ta hana shi rubutawa. Inna Tasalla ta zo daga Gwiwa tana taya ni jinya, tana gaisuwa. Ka gaishe mini da Yaya Asma'u, da Abu da ƙannenta. Iya ta ji ƙarar takarda, ta tambaye ni wa nake rubuta wa. Da na faɗa mata, ta ce in gaya maka lafiyarta ƙalau, kada ka bar aikinka saboda ita. Na yi mata alkawari zan rubuta, ga shi na rubuta. Kai dai ka zo.

Wassalam. Ƙanwarka,
Kellu.