Harsashin da Aka Ce Ya Juyo

Bani Malik, Jidda

Kawu Na'ibi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Ka ji rasuwar maigidana Munzali, amma ba ka ji yadda abin ya faru ba. Ya tuƙa ɗan kafilinmu, wato Balaraben da yake yi wa direba kuma muke zaune a ƙasar nan da sunansa, zuwa bayan gari harbin gwangwani da bindiga. Kafili ya ce Munzali yana tsaye a bayan yaron, aka harba gaba, iska ta juyo da harsashin ya same shi a ƙirji. Wai ƙaddara ce, in je gaban alƙali ranar Lahadi in yafe, halas, magana ta ƙare, shi kuma ya ci gaba da riƙe iƙamata da ta yara, wato takardar izinin zamanmu a nan.

Kawu, kai ka yi shekaru kana koya wa sojoji harbi. Harsashi yana juyowa? Kaina ya ɗaure.

'Yarka,
Maijidda

Kaduna

Maijidda,

Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan Munzali, ya ba ki haƙuri.

Wallahi da na karanta takardarki sai da na nemi wuri na zauna. Harsashi yana lanƙwasawa, amma ƙasa yake yi, kamar dutsen da aka jefa. Iska mai ƙarfi takan ɗan ture shi gefe in wurin da nisa. Amma ya yi kwana ya dawo bayan mai harbi? Ko a mafarki. Sai dai in ya daki dutse ko ƙarfe ya yi tsalle. Ki tambaya ko akwai dutse a wurin. In babu, to Munzali bakin bindigar yake kallo.

Ba zan ce ki yafe ko kada ki yafe ba, ke ke riƙe da marayu. Allah ya yi miki jagora.

Kawunki,
Na'ibi

Bani Malik

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Na je gidan, ban sami kafili ba, sai ɗan nasa. Na tambaye shi zancen dutse, ya ce rairayi ne zalla. Sai ya fashe da kuka, yana kirana gwaggo da Larabci: "Wallah ya khala, wasa nake masa, na ɗauka babu harsashi a ciki. Baba ne ya ce in ce iska."

Yaron nan Munzali ne yake kai shi makaranta tun bai iya ɗaura takalmi ba. Da gaskiyar suka zo min da ita, da tun ranar na yafe.

Lahadi zan faɗa wa alƙali abin da kunnena ya ji. A share mana ɗakin Inna, ni da yara muna tafe.

Ka huta lafiya,
Maijidda